Yara sun tsinto ɗan gada a gona: a mayar da shi ko a raine shi?

Malamin Firamare, Ningi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san halin namun daji, kuma da gaggawa nake nemanta, domin abin da nake tambaya a kansa yana kwance a cikin kwando a zaurenmu yanzu haka.

Jiya da hantsi 'ya'yan yayana suka je gonarmu da ke bakin daji, ta wajen Burra, domin su yanko wa awaki ciyawa. A gindin wata sabara da gamba ta lulluɓe suka tarar da ɗan gada a kwance, ya naɗe ƙafafunsa, ya kwantar da kunnuwansa, ko motsi bai yi ba har babban cikinsu ya sa hannu ya ɗauke shi. Sun ce sun duba gabas da yamma ba su ga uwarsa ba, sun zauna a wurin sun daɗe suna jira ba ta zo ba, sai suka yanke cewa ko dai maharba sun kashe ta, ko kuwa ta gudu ta bar shi. Nan suka naɗo shi a riga suka kawo gida.

Girmansa bai kai na ɗan akuya sabon haihuwa ba, cibiyarsa ta bushe amma ba ta faɗi ba, kuma ban ga rauni ko ɗaya a jikinsa ba. Matan gida sun ba shi madarar shanu da cokali, ya haɗiyi kaɗan, da dare ya yi ta kuka, yau da safe kuma na lura kashinsa ya fara yin ruwa-ruwa.

Gidan ya rabu biyu. Yayana yana ganin a bar shi a cikin awaki a raine shi, tunda an riga an ɗauko shi. Mahaifiyarmu ta ce a mayar da shi inda aka same shi, domin ba ta son a kwashi alhakin dabba. Wasu maƙwabta kuma sun ce mayar da shi aikin banza ne, wai da zarar hannun mutum ya taɓa ɗan dabbar daji, uwarsa ba za ta sake karɓarsa ba saboda wari, don haka kai shi daji tamkar miƙa wa dila ne. Ina so a fahimtar da ni ko da gaske yasar da shi aka yi, ko maganar warin hannu gaskiya ce, da kuma abin da ya kamata mu yi kafin dare ya sake yi.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji, Bauchi

Wa alaikumus salam, Malam. Ku mayar da shi yau, kafin faɗuwar rana, a daidai gindin sabarar da aka ɗauko shi. Hajiya mahaifiyarku ce ke da gaskiya. Yadda kuka siffanta halin da yaran suka same shi, a naɗe, kunnuwa a kwance, ba kuka, ba rauni, wannan siffar ɗan da uwarsa ta ajiye da gangan ce, ba ta maraya ba.

Dabbobin daji masu kofato sun kasu gida biyu wajen rainon 'ya'yansu. Akwai waɗanda ɗansu ke miƙewa ya bi uwarsa cikin garke tun ranar da aka haife shi, kamar jakin dawa na gabashin Afirka. Akwai kuma masu ɓoye ɗa, kuma galibin na dazuzzukanmu suna cikin wannan kashi: gada, da mazo, da barewa, da batsiya, da gwambaza, da gwanki. Ɗan gwanki yakan yi wajen wata guda a ɓoye kafin ya shiga garke, ɗan mazo kuwa yakan kai wata huɗu bai fara bin uwarsa sosai ba. Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma haka ne, amma sai bayan makonni. A kwanakin farko ɗan ba shi da ƙarfin tsere wa dila ko kare, saboda haka makaminsa ɗaya ne, wato ya lafe ya yi shiru. Launin gashinsa ya saje da busasshiyar ciyawa, kuma jikinsa bai riga ya soma fitar da warin da manya ke fitarwa ba, har kare yakan wuce kusa da shi bai sansano shi ba matuƙar bai motsa ba.

Uwar ita ce ke da wari, ita ce kuma ake hangowa daga nesa, don haka zamanta kusa da shi tona masa asiri ne. Shi ya sa take yin nesa da shi ta tafi kiwonta, ba ta zuwa sai sau biyu ko uku a yini da kwana, yawanci da asuba, da almuru, da cikin dare. Ko ta zo ma ba ta isa har makwancinsa. Takan tsaya da ɗan tazara ta yi wani ƙaramin sauti, shi kuma ya taso ya same ta. Ya sha nono na 'yan mintoci, ta lashe bayansa har ya yi fitsari da kashi, ta haɗiye su don kada wari ya zauna a wurin, sannan ya nemi sabon makwanci ya lafe, ita kuma ta ɓace. Na sha ganin haka a Yankari lokacin da nake aiki: mutum zai wuni yana sintiri ya ga macen mazo ita kaɗai tana kiwo kamar ba ta da kowa, sai hantsarta da ta cika ce za ta nuna masa cewa akwai ɗa a kusa. Jiran da yaran suka yi a wurin, shi ne ainihin abin da ya hana ta fitowa, kuma ba mamaki tana cikin duhuwa tana kallonsu tun daga farko har suka tafi da shi.

Maganar warin hannu kuwa, an faɗe ta fiye da ƙima. Shaƙuwar uwa da ɗa tana ƙulluwa ne a sa'o'in farko bayan haihuwa, lokacin da take lashe shi, kuma tunda cibiyar naku ta bushe, wannan ya riga ya wuce. A Amurka, inda duk shekara cikin watannin Mayu da Yuni mutane ke tsintar 'ya'yan barewarsu su kai gida, hukumomin kula da namun daji na jihohi shawara ɗaya suke bayarwa, wato a mayar da su, kuma an tabbatar uwa tana karɓar ɗanta ko da ya yi kwana ɗaya ko biyu a hannun mutane. Uwar naku tana nan tana zagaya wurin da nono cike, amma ba za ta yi ta nema har abada ba; bayan 'yan kwanaki nonon zai kafe. Illar warin mutum ta gaskiya ita ce karnuka suna bin sawunmu.

Ga yadda za ku yi. Babban mutum ɗaya ya kai shi da la'asar sakaliya, ba yara, ba kare. Ya tsinko ciyawa da ganyen sabarar wurin ya goge masa jiki da su, ya kwantar da shi inda ciyawar ta kwanta tun farko, ya ɗan danna bayansa a hankali har ya lafe, sannan ya tafi da sauri ba tare da waiwaye ba. Kafin ya bar wurin, in akwai fili mai rairayi a kusa, ya share shi da reshe ya zama sumul, domin da safe sawun kofaton uwar zai fito a kai. Gobe da safe a leƙa daga nesa. In ba a gan shi ba kuma ba jini, ba gashi a warwatse, to ta ɗauke abinta ta canza masa wuri. In yana nan a naɗe shiru, cikinsa ba a lotse ba, a ƙyale shi. In kuwa an tarar yana yawo yana kuka babu ƙaƙƙautawa, to a nan ne za a ce maraya ne, sai ku nemi ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma ko masu kula da dajin Lame-Burra, wanda ke kusa da ku.

Likitar Dabbobi, Zariya

Ina goyon bayan duk abin da Baba ya faɗa, zan ƙara ne kawai ta fuskar lafiyar dabbar, domin zawon da Malam ya ambata ya ɗaga mini hankali.

Don Allah a dakatar da madarar shanu yanzu. Kitsen da ke cikin madarar saniya wajen kashi 4 ne cikin 100, alhali nonon dabbobin da ke ɓoye 'ya'yansu yana da kauri ƙwarai, kitsensa da sinadarin gina jikinsa sukan ninka na saniya sau biyu ko uku, saboda ɗan ba ya sha sai jefi-jefi kuma dole abin da ya sha ya riƙe shi sa'o'i masu yawa. Cikinsa bai dace da madarar shanu ba, shi ya sa take sa shi zawo, kuma dabbar da nauyinta bai wuce kilo 2 ba, zawon kwana ɗaya ko biyu ya isa ya ƙarar da ruwan jikinta. Cokalin ma matsala ne na daban. Gada dabba ce mai tuƙa, cikinta kashi huɗu ne kamar na akuya, amma a jariri babban tumbin bai soma aiki ba. Idan yana tsotso da kansa, akwai wata kwarmin hanya a ƙarshen maƙoshi da ke rufewa ta zarce da nonon kai tsaye zuwa ciki na huɗu, inda ake narkar da shi. Idan aka ɗura masa da cokali, nonon yakan faɗa cikin tumbin ya yi tsami ya kumbura shi, ko kuma ya bi ta hanyar iska ya shiga huhu, bayan kwana biyu ciwon huhu ya kashe shi. Da yawa daga cikin 'ya'yan namun dajin da ake kawo mana asibiti, ɗurar da aka yi musu da kyakkyawar niyya ce ta kai su ga halaka, ba yunwa ba.

Daga yanzu zuwa la'asar, a ajiye shi a wuri mai duhu da ɗumi, nesa da hayaniya, a rufe kwandon da zane, a hana yara ɗaukarsa. In zai lasa da kansa, a ba shi ɗigon ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba jarirai masu gudawa, in ya ƙi kada a tilasta masa. Kada kuma shirun da yake yi idan an rungume shi ya ruɗe ku ku ce ya saba da mutane, tsoro ne ya daskarar da shi. Akwai wata cuta da muka sani a dangin barewa da gada wadda kamu da tsananin firgita kaɗai ke haddasawa: naman jikin dabbar ya lalace, abin da ya narke daga cikinsa ya shiga jini ya toshe ƙoda, fitsari ya koma ja-ja, dabbar ta kasa tsayuwa, ta mutu bayan sa'o'i ko kwanaki ba tare da an ga rauni a jikinta ba. Idan ta kama, da wuya magani ya yi tasiri.

Ga yayan Malam da ke son a haɗa shi da awaki, ina roƙonsa kada ya yi haka ko na wuni ɗaya. Annobar nan ta awaki da tumaki mai zuwa da zawo da majina, wadda ake kira PPR, tana kama dangin barewa. A ƙasar Mongoliya tsakanin 2016 da 2017 ta tsallaka daga dabbobin gida ta kashe dubban wata irin barewar daji. Ɗan gadan da ya kwana cikin awaki zai iya kamuwa, ya kuma kai wa uwarsa. Cuta tana bin ɗaya hanyar ma. Ɗan dila ko jemagen da aka tsinta a ƙasa zai iya ɗauke da ciwon haukan kare, kuma a 2003 ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka ta kama mutane 47, aka bi diddigi aka gano ta shigo ne ta wasu ƙananan dabbobin daji da aka kai daga Ghana don a sayar a matsayin dabbobin ajiyewa a gida, ciki har da gafiya. Yaran da suka ɗauko shi su wanke hannu da sabulu, a kuma duba jikinsu saboda kaska.

Rainon jaririn dabbar daji ba ƙaramin aiki ba ne ko ga ƙwararru. A Kenya, marigayiya Daphne Sheldrick ta shafe shekara 28 tana gwaji kafin ta dace da haɗin madarar da jaririn giwa zai sha ya rayu, sai da ta kai ga amfani da man kwakwa. Mu ɗauka ma an yi sa'a naku ya rayu da nonon akuya, wanda shi ne mafi dama-dama in ya zama dole. Dabbar da ta tashi a hannun mutum ba ta ƙara jin tsoronsa, ba ta kuma koyi gudun kare ba, don haka ba za ta koma daji ta rayu ba. In namiji ne, da ya balaga zai ɗauki mutanen gida a matsayin abokan gaba a yankinsa, kuma ƙahonsa, duk da gajartarsa, yana da tsinin da zai huda cinyar yaro. Ƙarshen irin waɗannan kusan kullum wuƙa ce ko karnukan unguwa.

Jikan Sarkin Baka, Birnin Kudu

Gaisuwa ga Baba da Likita. Abin da kuka faɗa game da halin gada babu ƙarya a ciki, mu da muka tashi a gidan farauta mun san shi tun muna yara, kuma kakanninmu ba sa harbin mace mai hantsa, domin sun san kashe ta kashe rai biyu ne. Zomo ma haka yake yi, ya ma fi gada tsanani: 'ya'yansa ana haifarsu da gashi, idonsu a buɗe, uwar ta warwatsa su cikin ciyawa, ba ta zuwa sai sau ɗaya bayan faɗuwar rana, ta shayar da su ɗan lokaci kaɗan ta tafi. Masu cirar gyaɗa suna yawan tsintarsu su ce marayu ne, su kai gida su mutu.

Sai dai ina da ja a kan wani ɓangare. Shawararku ta dace da dajin da ke da sauran daji. Yanzu fa gona ta cinye bakin dajin, masu yankan ciyawa suna bi lungu-lungu, karnukan makiyaya suna yawo, nan da 'yan makonni kuma ciyawa za ta bushe a fara cinna wa daji wuta, sannan masu farautar gayya su zo mota-mota da karnuka da gora, waɗanda ba su san mace ba, ba su san ɗa ba. Tarkon waya kuma ya cika hanyoyin da namun ke bi zuwa ruwa, kuma gada na cikin waɗanda ya fi kamawa, don haka zaton da yaran suka yi cewa uwar ta mutu ba shirme ba ne. Bugu da ƙari, yanzu duk yaran ƙauyen sun ji labarin inda aka samo shi. In Malam ya mayar da shi yau, wa zai ba shi tabbacin cewa gobe wani ba zai je ya ɗauke shi ya kai bakin titi ya sayar wa matafiya ba? Ni a ganina tsakanin mutuwa a gida a hannun masu tausayinsa da mutuwa a bakin kare, ban ga abin da ya sa za a ce ta biyun ta fi ba.

Malamin Firamare, Ningi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An daina ba shi madarar, an kuma raba shi da yaran. Tambayar ɗan'uwanmu na Birnin Kudu ita ce ke damun yayana, ina fatan Baba zai amsa ta. Ina kuma so a yi mini bayani a kan 'ya'yan tsuntsaye, domin duk damina ɗalibaina suna kawo mini su aji a cikin aljihu, su ce sun faɗo daga bishiya.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji, Bauchi

Ɗana na Birnin Kudu, ba ka faɗi abin da ba haka ba, kuma ba wanda zai yi wa Malam alkawarin cewa ɗan gadan zai tsira. Ko a dajin da ba mutum ko ɗaya, da yawa daga cikin 'ya'yan irin waɗannan dabbobi ba sa cika shekara, dila da mesa da manyan tsuntsaye masu farauta suna cin rabonsu. Amma ba mutuwa biyu ake aunawa ba. A daji yana da uwa da nonon da ya dace da cikinsa, da damar ya girma ya hayayyafa. A gida, kamar yadda Likita ta bayyana, ko ya mutu cikin mako, ko ya rayu ya zama dabbar da dajin ya riga ya rasa. Kuma ban ce a jefar da shi a manta ba, na ce a gwada dare ɗaya a duba sawu. In uwar tana cikin tarko, safiya za ta nuna, ba a yi asarar komai ba sai 'yan sa'o'i.

Batun yara da masu yankan ciyawa kuwa, maganinsa yana hannun mutanen gari. Gonar ta su Malam ce, suna da ikon cewa a bar wannan kusurwar ba yanka, ba ƙonawa, har wata guda. Malam ya sanar da mai unguwa da sarkin bakan yankin, domin maganarsu ta fi ta ma'aikacin gwamnati shiga kunnen matasa. Doka ma tana nan, ko da an yi sakaci da ita: tun 1963 Jihar Arewa ta yi dokar namun daji wadda jihohinmu suka gada, akwai dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa wadda aka yi wa gyara a 2016, Nijar kuma tana da tata ta 1998 kan farauta da kare namun daji. A inda ake aiki da doka sosai, tausayi ba ya zama hujja. A gandun Yellowstone na Amurka, a 2016 wasu masu yawon buɗe ido suka saka ɗan ɓaunar ƙasar a motarsu don suna ganin sanyi na damunsa, aka yi ta ƙoƙarin mayar da shi garke abin ya faskara, daga ƙarshe ma'aikata suka kashe shi saboda ya koma bin motoci a kan titi. A 2023 aka sake yin irin haka da wani da ya turo ɗan ɓauna daga bakin kogi, kotu ta ci shi tara, ɗan kuma bai tsira ba. Ita ɓauna garke take bi, garken kuma ba ya jira, shi ya sa nata ya fi na gada wuyar gyarawa.

Ka ambaci bakin titi, to a nan akwai abin da ya kamata matafiya su sani. Biri ba ya ɓoye ɗansa. Jaririn jan biri ko na kirka a manne yake da cikin uwarsa dare da rana, ba ta kuma sakinsa da ranta, don haka duk ɗan birin da ka gani a hannun yaro da igiya a ƙugunsa, kusan tabbas sai da aka kashe uwar. Cibiyar Pandrillus da ke Kalaba, wadda ke karɓar marayun birai tun 1991, galibin waɗanda ta tara haka aka same su. Wanda ya saya don tausayi ya biya kuɗin harsashin da za a harbi wata uwar ne. Abin da ya dace shi ne ya kai rahoto ga ma'aikatan gandun daji su karɓe shi ba tare da an biya ko kwabo ba.

Malamar Kimiyyar Halittu, Katsina

Malam, a kan tsuntsaye, abin da za ka koya wa ɗalibanka shi ne su dubi gashin jikin ɗan tsuntsun kafin su taɓa shi. In jikinsa ya rufu da gashi, wutsiyarsa gajera ce, yana tsalle-tsalle yana iya riƙe reshe da ƙafarsa, to ba faɗowa ya yi ba, fitowa ya yi. Tsuntsaye da yawa suna barin sheƙa kafin su iya tashi sosai, su yi 'yan kwanaki a ƙasa ko a ƙananan rassa, iyayen suna kawo musu abinci a can. Wanda ya koma gefe ya yi shiru na rabin sa'a zai ga uwar ta sauko da tsutsa a baki. Irin wannan ba a mayar da shi sheƙa, domin zai sake fitowa. In yana kan hanya ko inda kyanwa za ta gan shi, a ɗaga shi a ɗora a reshen da ke kusa, shi ke nan. 'Ya'yan fakara da na zabon daji kuwa da gudunsu suke fitowa daga ƙwai, kuma da uwar ta yi kukan gargaɗi sai su watse su lafe, ita ta tashi. Da mutum ya wuce za ta dawo ta kira su ɗaya bayan ɗaya.

In kuwa tsirara yake, ko gashin tsilli-tsilli ne, idonsa a rufe, wannan shi ne ya faɗo da gaske, kuma sanyi zai kashe shi kafin yunwa. A ɗumama shi a tafin hannu, a nemi sheƙar a mayar da shi, iyayen ba za su ƙi shi don an taɓa shi ba. In iskar damina ce ta kayar da sheƙar gaba ɗaya, a samu ƙaramin kwando ko ƙwarya da aka huda ƙasanta don ruwa ya zube, a zuba ragowar sheƙar a ciki, a ɗaure a jikin bishiyar a inuwa. Kada a ɗiga masa ruwa a baki, domin ƙofar hanyar numfashinsa tana nan a gindin harshe. Ɗan kurciya da yara suka fi kawowa su ɗura masa gero, a kwanakin farko ba hatsi yake ci ba. Uwa da uba suna fitar da wani abu mai kama da kindirmo daga maƙoƙonsu, shi yake zura baki ya sha.

Mutanenmu ba baƙi ba ne ga wannan ladabi, tunda shamuwa tana zuwa da farkon damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari ba mai taɓa 'ya'yanta. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya ƙara masa yarda, cewa suna cikin tafiya da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai suka ga wata ƙaramar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu suka ɗauke 'ya'yan, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu. Da ya iso ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali saboda 'ya'yanta, ya yi umarni a mayar mata da su. Na ga wannan hadisi yana shiga zuciyar yara fiye da dogon bayanin aji.

Wanda ya fi buƙatar ka yi masa magana ta musamman shi ne ɗan mujiya. Shi ma yakan bar ramin bishiyar da aka ƙyanƙyashe shi tun da sauran farin gashi a jikinsa, a tarar da shi a ƙasa da rana yana hura hanci yana kaɗa baki, yara kuma saboda camfi sai su rufe shi da jifa. Iyayensa suna kusa, dare suke jira, kuma gida ɗaya na mujiya yana cinye ɓeraye masu yawa a kewayen rumbuna. A sa tsumma a hannu saboda farcensa, a ɗora shi a kan katanga ko reshe mai inuwa kusa da inda aka same shi, sannan a sa ɗalibi babba ya tsare wurin har a tashi daga makaranta.